FILIN KIWON DABBOBI: Yayen 'Ya'yan Kyanwa Da Lokacin Raba Su Da Uwarsu

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan gero da dawa aka jera a rumbu, 'yan kasuwa kuma suka cika ɗakunan ajiyarsu da buhunan masara da wake, sai darajar kyanwa ta tashi a gari. Mutumin da a da ba ya son ko jin kukanta a tsakar gidansa, shi za a gani yana bin maƙwabta yana cigiyar gidan da wata ta haihu. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ɓera ya shigo, shi kuwa ɓarnarsa ba ta tsayawa ga ɗan abin da ya ci, har da buhun da ya huda, da hatsin da ya ɓata da kashi da fitsari. Tun da aka gano zazzaɓin Lassa a shekarar 1969, a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno, daga baya kuma bincike ya tabbatar cewa wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da cutar, jama'a suka ƙara gane cewa zaman ɓera kusa da abinci asara ce ta dukiya da ta lafiya baki ɗaya.

Ga yadda abin yakan kasance. Kyanwa ta haihu a ƙarƙashin gado ko bayan randa, kafin a yi mako uku labari ya gama unguwa. Sai ga yarinya ta yi sallama, ta durƙusa ta gai da matar gida, ta ce, "Inna, Gwaggo tana gaishe ki, wai don Allah a ba ta guda cikin 'ya'yan kyanwar nan, ɓeraye sun hana ta barci." Matar gida, da yake ba ta son watsa wa maƙwabciyarta ƙasa a ido, kuma dama kukan 'ya'yan ya fara isar ta, sai ta ce, "Je ki zaɓi wanda ya yi miki, ki ce ina amsawa." A sa shi a kwali a kai shi sabon gida, a dama masa madarar gari a murfin kwano, a gutsura masa tuwo. Ya kwana yana kuka, bayan kwana biyu zawo ya kama shi, kafin mako ya zagayo an jefar da gawarsa a bola. Sai a ce ai dama ba mai rayuwa ba ne, ko a ce kiwon kyanwa bai karɓi gidan ba, alhali kuwa gaggawa ce ta kashe shi.

Saboda haka a wannan makon filin nan zai duba yadda kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, take yaye 'ya'yanta, da lokacin da ya dace a raba su da ita. Amsar a taƙaice ita ce, kada a kuskura a ba da ɗan kyanwa kafin ya cika mako 8, in kuwa da hali a bar shi ya kai mako 12. Sauran bayanin dalilai ne.

Makonni Uku Na Farko

Kyanwa takan ɗauki ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, watau mako tara, galibi kuma takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar. Ɗan kyanwa yakan zo duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, idonsa a rufe, kunnensa a toshe, da sansane da lalube yake gano nonon uwarsa. Cibiyarsa takan bushe ta faɗi cikin 'yan kwanakin farko. Ido yakan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14, kuma kowane ɗan kyanwa da shuɗin ido yake farawa, sai ya kai wajen mako shida ko bakwai sa'an nan launin idonsa na ainihi ya soma bayyana.

A cikin wannan lokaci akwai abubuwa uku da ba ya iya yi wa kansa. Na farko shi ne ɗumama jiki. Har ya kai mako uku zuwa huɗu da ɗumin uwarsa da na 'yan'uwansa yake rayuwa, shi ya sa ake ganinsu a cure wuri ɗaya. In aka haife su da hunturu, aka kuma bar ɗaya a kan siminti, sanyi na iya kashe shi a dare guda. Na biyu shi ne fitsari da kashi. Jaririn kyanwa ba ya iya yin ko ɗaya sai uwar ta lashi cikinsa da ƙarƙashin wutsiyarsa, haka za ta yi ta yi har wajen mako uku. Na uku shi ne kare kai daga cuta. Makiyaya sun san darajar dakashi ga ɗan maraƙi da ɗan akuya, to, haka abin yake ga kyanwa. Nonon farko yana ɗauke da sinadaran kariya daga jikin uwa, hanjin jaririn kuwa a cikin yinin farko kaɗai yake iya tsotse su. Wanda ya rasa dakashi a ranar haihuwa ya shigo duniya ba garkuwa.

Lafiyayyen ɗan kyanwa yakan ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, har ya ninka nauyinsa cikin mako guda zuwa kwana goma. Duk wannan daga jikin uwa yake fitowa, don haka mai shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci, da ruwa mai tsabta kusa da ita. Aikin mai gida a waɗannan makonni kaɗan ne: ya ciyar da uwar, ya ba ta lungu mai ɗumi da tsumma mai tsabta, ya hana yara damun ta. Kyanwar da aka matsa wa da leƙe da ɗauke-ɗauke ita ce ke kwashe 'ya'yanta a baki ta kai su inda ba a so.

Uwa Ce Ke Yaye

A ƙasar Hausa kowa ya san yadda ake yaye yaro. A shafa wa nono maɗaci, ko a kai yaron gidan kakarsa ya yi kwanaki har ya manta. Amma ko a nan ba a yin haka sai yaro ya doshi shekara biyu, ya yi haƙora, yana tafiya da ƙafarsa, ya kuma saba da kunu da tuwo. Ita kyanwa ba ta da kakar da za ta kai wa 'ya'yanta, da kanta take yaye su, sannu a hankali, kuma tana da tsarin da take bi.

A makonni ukun farko ita ce ke zuwa ta kwanta ta tashe su su sha. Daga mako na uku, da suka fara takawa, wani lokaci ita ke neman su, wani lokaci su ke neman ta. Da an shiga mako na biyar sai lamarin ya juya, su ne ke bin ta, ita kuwa tana kaucewa. Ta kwanta rub da ciki ta ɓoye nonon, ko ta haye katanga inda ba za su kai ba, in ɗaya ya nace ta make shi da hannu ba tare da ta fito da farce ba. Mai kallo zai ce ta tsane su, alhali tura su take yi zuwa ga kwanon abinci.

Haƙora su ne ke nuna lokacin ya yi. Na gaba kan fara fitowa a mako na biyu zuwa na uku, fiƙoƙi su biyo baya a na uku zuwa na huɗu, na gefe kuma su cika wajen mako na shida, har su kai 26. Waɗannan ne haƙoran nono, waɗanda za su zube daga wata na uku ko na huɗu, na dindindin guda 30 su maye gurbinsu wajen wata na shida zuwa na bakwai. Da fiƙoƙin nan masu kaifin allura suka fara cizon nono, dole uwa ta rage shayarwa. Yaye yakan fara ke nan a mako na huɗu, ya kammala tsakanin na takwas da na goma, ko da yake wasu 'ya'yan kan ci gaba da ɗan tsotso bayan haka don jin ɗumin uwa.

Abincin Yaye

A nan ne akasarin masu kiwo ke yin kuskure. An ɗauka madara ce abincin kyanwa, amma nonon saniya daban yake da nata. Na kyanwa ya fi shi sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, bayan haka kuma da zarar ɗan kyanwa ya fara girma, cikinsa yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara. Abin da bai narke ba shi ke jawo ruwa cikin hanji ya zama zawo, zawo kuwa ga dabbar da ba ta kai rabin kilo ba ajali ne. Madarar gari da ta gwangwani duk daga nonon saniya aka yi su, don haka hukuncinsu ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne tuwo da koko da shinkafa zalla. Kyanwa dabba ce mai cin nama tsantsa, ba kamar kare ba wanda ke iya lallaɓawa da ragowar tuwo. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, wanda jikinta ba ya iya yin isasshe, sai daga nama da kifi take samunsa. A shekarar 1975 masana a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana lalata mata zuciya.

Abin da ya dace shi ne, daga mako na huɗu a dafa naman kaza ko kifi ba gishiri ba yaji, a cire ƙaya da ƙashi sarai, a daka shi lilis, a sassauta da ruwan ɗumi har ya zama kamar kunu mai kauri. A zuba a faranti marar zurfi sau huɗu a yini. Dafaffen ƙwai ma yana da kyau. Wanda ke birni, yana kuma da hali, akwai abincin 'ya'yan kyanwa na gwangwani da busasshe a manyan kantuna da shagunan magungunan dabbobi, shi ya fi cika domin an haɗa shi da duk abin da jiki ke bukata, har da sinadarin ƙarfafa ƙashi wanda tsoka zalla ba ta da isasshe. Busasshen a jiƙa shi tukuna. A ranakun farko za su taka abincin su ɓata jiki fiye da yadda za su ci, ba laifi, kallon uwarsu tana ci shi zai koya musu. Kada a danna kan ɗan kyanwa cikin kwano, yana iya shaƙa ya shiga huhunsa. Kowane mako a rage ruwan a ƙara kauri, har zuwa mako na bakwai ko na takwas da za su iya tauna ƙananan yanka.

A kiyayi ba su ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Hanta kuma kaɗan-kaɗan, yawanta na lalata ƙashi. Ruwan sha kada ya yanke. A lokacin nan ne kuma za a ajiye musu tsohuwar tasa ko kwali marar tsawo da yashi a ciki, nesa da wurin cin abinci, su bi uwarsu su koyi tona rami da binne kashinsu.

Makarantar Uwa

Mai karatu zai iya tambaya, in ɗan kyanwa ya fara cin abinci a mako na biyar ko na shida, me za a jira kuma? Abin da za a jira shi ne karatu, domin nono kashi ɗaya ne kawai cikin abin da uwa ke bayarwa.

Daga wajen mako na huɗu kyanwar da ke fita farauta takan fara kawo mataccen ɓera ta ci a gaban 'ya'yanta. Bayan haka ta kawo ta ajiye musu. Can gaba sai ta kawo mai rai, ta sake shi a tsakaninsu, in ya nemi tserewa ta cafko shi ta mayar. Tun a shekarar 1930 wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Zing-Yang Kuo ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi a kan wannan. Cikin 'ya'yan kyanwa 21 da suka tashi suna ganin uwarsu tana kashe ɓera, 18 sun zama masu kashe ɓera. Cikin 20 da aka rena su kaɗai, 9 ne suka kashe. Cikin 18 da aka rena tare da ɓeraye kuwa, 3 ne kacal. Ashe wanda ya ɗauke ɗan kyanwa tun yana mako uku don ya kama masa ɓera, ya cire ɗalibi ne daga makaranta tun bai fara karatu ba, sa'an nan ya dawo yana kukan an ba shi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai in ya ga gudun nata.

Darasi na biyu a wajen 'yan'uwa ake koyon sa. Kokawar da suke yi da juna, wadda takan yi ƙarfi daga mako na huɗu har bayan na goma sha biyu, a cikinta kowa ke gane iyakar cizo da yakushi. Wanda ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, za a yi ƙara a rama, ko a bar masa wasan. Wanda bai sami wannan horo ba shi ne ke girma yana yakushin yaran gida, yana cizon ƙafar mai wucewa. Masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun duba halayen kyanwoyi fiye da 5,700, suka buga sakamakon a shekarar 2017. Sun sami cewa waɗanda aka raba da uwa kafin mako 8 sun fi faɗa da mutane, waɗanda kuma aka bari suka kai mako 14 sun fi tsira daga munanan ɗabi'u irin su yawan lasar jiki har gashi ya zube. Tsotson bargo da tufafi da ake gani ga wasu manyan kyanwoyi ma ana danganta shi da yayen wuri.

Darasi na uku kuwa na mai gida ne. Binciken da Eileen Karsh ta yi a Jami'ar Temple da ke Amurka a shekarun 1980 ya nuna cewa tsakanin mako na biyu da na bakwai ne ɗan kyanwa ke sabawa da ɗan Adam. Wanda aka riƙa ɗauka a hankali ana shafa shi kullum a wannan tsakani yakan tashi da son mutane, wanda ba a taɓa ba kuwa yakan zama kamar na daji, mai wuyar sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka da ido ya buɗe, uwar ta natsu, a riƙa ɗaukar su na ɗan lokaci a gabanta, da hannu mai tsabta, babba yana lura da yara.

To, Yaushe Ne Lokacin?

Mako 8 shi ne mafi ƙaranci. A Ingila dokar da aka yi a shekarar 2018 ta hana masu lasisin sayar da dabbobi sayar da ɗan kyanwar da bai kai haka ba, ƙungiyar masu kiwon kyanwoyi masu asali ta can kuma tana ba mambobinta shawarar su jira mako 13. Likitocin dabbobi da yawa sun fi son mako 12, watau wata uku. Da yake ba kowa ke rubuta ranar da kyanwarsa ta haihu ba, ga alamomin da mai bayarwa da mai karɓa za su duba:

(1) Ya yi aƙalla mako biyu yana cin abinci mai tauri da kansa, yana shan ruwa, ba zawo.

(2) Haƙoransa na nono sun cika, har da na gefe.

(3) Shuɗin idon jarirai ya fara juyawa zuwa launinsa na ainihi, sai fa irin da shuɗin ido ne asalinsu.

(4) Nauyinsa ya kusa kilo guda. Ɗan mako takwas yakan kai wajen giram 800 zuwa 900.

(5) Yana gudu, yana tsalle, yana hawa, yana wanke jikinsa da harshe, yana kuma zuwa wurin yashi da kansa.

(6) Ido da hanci ba kwantsa ba majina, dadashi ja ne ba fari fat ba, ciki bai kumbura kamar tulu ba.

Wanda aka kawo masa ɗan kyanwa yana tangaɗi in yana tafiya, kunnuwa ƙanana a kwance, ido shuɗi, to, ya mayar da shi wurin uwarsa, ya ce a ajiye masa. Sannu ba ta hana zuwa.

Magani Da Rigakafi

Kusan kowane ɗan kyanwa yana tasowa da tsutsar ciki, domin akwai irin da ke bi ta nonon uwa ta shiga jikinsa. Akan fara ba da maganinta daga mako na uku, a maimaita bayan kowane mako biyu har a gama yaye, sa'an nan sau ɗaya a wata har ya kai wata shida, uwar ma a ba ta. Likitan dabbobi ne zai faɗi irin maganin da yawansa, gwargwadon nauyi. Ƙuma kuma tana shan jinin jariri har ya yi fari ya mutu. A taje su da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi a shanya a rana. Kada a fesa musu fiya-fiya ko maganin sauro, kada kuma a shafa musu maganin kaska na kare ko na shanu, domin akwai irinsa da ke sa kyanwa farfaɗiya ta mutu. Haka nan farasitamol, wanda mutane ke sha don ciwon kai, guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar kyanwa.

Kariyar da aka samu daga dakashi takan fara raguwa daga wajen mako na shida zuwa na takwas, daidai lokacin da ake son raba ɗan kyanwa da gida. Shi ya sa ake fara allurar rigakafi a wannan tsakani, a maimaita bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Tana kare shi daga murar kyanwoyi, da wata muguwar cutar amai da zawo mai share 'ya'yan ciki guda cikin kwanaki. Allurar haukan kare kuwa daga mako 12 ake yi, domin kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum. Duk wanda kyanwar da ba a san lafiyarta ba ta ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka.

Ranar Rabuwa

Kada a kwashe 'ya'yan duka rana ɗaya. In aka yi haka alhali uwar tana da sauran nono, yana iya taruwa ya kumbura ya yi ciwo. A ba da su ɗaya bayan ɗaya, da 'yan kwanaki a tsakani, a fara da mafi girma. Wanda zai iya ɗaukar biyu ya ɗauka, sun fi saurin sabawa. A haɗa wa mai tafiya da ɗan tsumman da suke kwana a kai, warin uwarsa zai kwantar masa da hankali, a kuma gaya wa mai karɓa abincin da ya saba ci, don canjin abinci farat ɗaya na kawo zawo.

A sabon gida a ajiye shi a ɗaki guda na mako ɗaya ko biyu, da abinci da ruwa da yashi da wurin ɓuya, kafin a bar shi ya fita tsakar gida. Ba a ɗaure kyanwa da igiya a wuya kamar akuya. A kwashe shinkafar ɓera daga duk inda aka zuba, domin ita da ɓeran da ya ci ta duk suna iya kashe shi. Kada kuma a kulle ɗan wata biyu a ɗakin ajiyar hatsi a ce ya fara aiki. Sai ya kai wajen wata shida yake zama mafarauci na sosai, ko a lokacin ma ƙananan ɓeraye ne abincinsa, gafiya da manyan ɓerayen kwata ko babbar kyanwa takan yi shakkar su. Masu cewa a bar kyanwa da yunwa don ta fi kama ɓera su ma sun yi kuskure. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mai jin yunwa ita ce ke buɗe tukunya, ko ta ƙaura gidan da ake ba ta.

Marayu

Wani lokaci uwa takan mutu ko ta ɓace. In aka tsinci 'ya'ya a lungu, kada a yi saurin ɗauka, a ja da baya a jira sa'o'i kaɗan, watakila ta tafi neman abinci ne. In ta tabbata marayu ne, abin da ya fi shi ne a nemi wata kyanwa mai shayar da 'ya'ya tsaransu, sau da yawa takan karɓe su. In babu, sai madarar 'ya'yan kyanwa ta musamman da ake samu wajen likitocin dabbobi. A fara ɗumama jaririn tukuna da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma, don ba a ciyar da mai sanyin jiki. A ba shi da ƙaramin bulumboti ko sirinji marar allura, yana kwance rub da ciki kamar yadda yake shan nonon uwa, ba a rigingine ba, bayan kowace sa'a biyu zuwa uku dare da rana a makonni biyun farko. Bayan kowane ci a shafa ƙarƙashin wutsiyarsa da auduga mai ruwan ɗumi har ya yi fitsari. Wanda ya yi wannan na mako guda ba zai sake raina aikin uwa ba.

Hakkin Uwar

Kyanwa na iya sake ɗaukar ciki 'yan makonni bayan haihuwa, ko tana shayarwa, 'yarta mace kuma tana iya ɗauka tun tana wata huɗu zuwa shida. A ƙasashe masu zafi irin Nijeriya ba ta da lokacin hutu, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ba shi da inda zai kai 'ya'yan, gara ya kai ta likita a yi mata aikin hana haihuwa bayan yaye, muzuru kuma a fiɗiye shi, da ya riƙa ɗaure jarirai a leda yana jefarwa a bola ko kwata. Sanannen hadisi ne a Buhari da Muslim, labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Babu addini ko al'adar da ta yarda da zaluntar dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Don haka idan yarinyar nan ta sake sallama da saƙon Gwaggo, amsar da ta fi ita ce, "Ki gaishe ta, ki ce an ajiye mata mai farin ƙirjin nan, bayan wata biyu ta aiko a ɗauka." Zumunci bai ɓaci ba, ɗan kyanwa ya rayu, hatsin Gwaggo kuma ya sami mai gadi da ya gama karatu a wajen uwarsa.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba yadda ake kare kajin gida daga cututtukan hunturu.